Saniyar da Ban Rantse a Kanta Ba

A wannan watan abokina Umaru Jabbi ya cika shekara huɗu da rasuwa. An kashe shi a rugarsu da ke wajen Shinaka, ranar da 'yan bindiga suka kore garken mahaifinsa. Tare muka karanci ilimin kwamfuta, ni daga Wurno, shi daga gidan makiyaya, kuma tare muka ɗauki aiki ɗaya a shekararmu ta ƙarshe: koya wa na'ura ta gane kowace saniya da kamanninta, domin in an sace ta a iya shaida ta a kasuwa.

Aikin bai yi nasara ba a lokacin. Na'ura tana buƙatar hotuna masu yawa kafin ta bambance abu da ɗan'uwansa, mu kuwa abin da Jabbi ya ɗauko da wayarsa bai wuce hoto biyu ko uku na kowace saniya ba. Yakan yi dariya ya ce ƙanwarsa mai tallar nono ta fi injinmu kai, tunda ita gani ɗaya take yi.

Yau al'amarin ya sauya. Akwai manhajojin da in ka ba su hoto biyu za su ƙago ɗaruruwa masu kama da su: saniyar a tsaye, a kwance, a rame da rani, a murje da damina, har da yadda za ta kasance in ta girma. Da waɗannan ƙagaggun hotuna ake horar da mai ganewa. Bara na koma kan hotunan Jabbi na yi hakan, ina gaya wa kaina cewa cika masa buri nake yi.

Bayan girbi wani ɗan'uwansu ya turo mini hoton wata farar saniya bokolo da aka kai kasuwar Goronyo. Na'ura ta ce Fure ce, karsanar da Jabbi ya fi so. Ban tsaya nazari ba na kira mahaifinsa, Baffa Sambo, wanda yanar ido ta makantar da shi tun bayan rasuwar. Aka kamo hannunsa zuwa kara, inda ake cinikin shanu, ni ma na je.

Mai saniyar wani manomi ne daga Kwargaba, ya saye ta ya yi kiwo. Kowa a yankinmu ya san abin da ke samun mutumin da aka ce an ga dabbar sata a hannunsa. Ba kullum ake jiran alƙali ba. Kafin a ce wani abu, matasa sun kewaye shi, hularsa a hannu.

Shugaban dillalai ya dube ni ya ce, "Malam, kai aka jira. Kana rantsuwa ita ta?"

A nan na tuna abin da ya kamata in tuna tun a gida. Hotunan Fure na gaskiya biyu ne, kuma tana karsana aka ɗauke su. Tozon nan, da faɗin ƙirjin, da yadda ƙaho ya karkata, duk na'ura ce ta zana su da ƙiyasinta, sannan ta gane abin da ta zana. Mai yiwuwa Fure ce. Mai yiwuwa kuma ba ita ba ce.

Na ce, "Ba zan iya rantsewa ba."

Baffa ya juyo da fuskarsa wajen muryata. "Ɗana, to mi kat taso ni yi?"

Aka watse, wasu na tsaki, manomin ya ja saniyarsa ya fasa sayarwa. Na ji daga baya cewa har yanzu akwai masu nuna shi da baki a garinsu.

Ina yawan tambayar kaina abin da Jabbi zai ce. Na san zai yi murna da ganin injin ya koyi abu daga hoto biyu. Amma shi mutum ne da ba ya faɗin abin da bai gani ba, ko a jarrabawa gara ya bar gurbi da ya yi shaci-faɗi. Ina jin da ya tambaye ni wanne ne hotonsa, wanne ne nawa, tun kafin in taɓa waya. Da sunansa na tayar da tsoho makaho, da sunansa na kusa jawo wa bawan Allah halaka.

Abin da ya rage na Jabbi ba ya cikin kwamfutata. Yana wurin mahaifinsa, wanda kafin a tafi da saniyar ya roƙi a bar shi ya taɓa ta. Ya shafa wuyanta da tozonta, ya daɗe, yana magana da ita da Fulatanci a hankali, kamar yadda ya koya wa ɗansa. Da na raka shi tasha ina neman kalmar ban haƙuri, shi ya riga ni.

"In injin naka ya sake ganin wata, ka kira ni," in ji shi. "Ko ba tamu ba ta. Ni dai in taɓa ta."

Allah Ya jiƙan Umaru, Ya sa Aljanna ce makomarsa, mu kuma Ya yafe mana gaggawarmu.