Unguwar da yayana ya gina a cikin kwamfuta

Shekarun baya, lokacin muna zaune a kan dutsen Nakkasa a Makka, yayana ya tsinto wata tsohuwar kwamfuta a ofishin da yake shara. Irin mai ƙaton kan nan ce, idan ta tashi sai ka rantse injin markaɗe aka kunna. A cikinta akwai wani wasa na gina gari wanda ina jin ya girme ni. Wasan duk matsala ne. Idan ka jera gidaje da yawa a kan tudu sai ya sandare, kuma gurbin ajiya ɗaya tak gare shi, abin da ka ajiye yau shi ke shafe na jiya. Yayana ya san halinsa, lallaɓa shi yake yi kamar mai jinyar tsoho.

Unguwarmu ya zauna ya gina a ciki, lungu-lungu. Shagon mai burodi, masallacin da ba ya cin sahu huɗu, ɗakin da mahaifinmu ya rasu a ciki. Wasan ba shi da matakala, sai ya jera ƙananan gadoji a madadin wadda muke hawa da jarkokin ruwa.

Ana nan aka kama shi ba iƙama, wato takardar izinin zama, aka mayar da shi Kano, garin da bai taɓa gani ba, don a Makka aka haife mu. Ranar da ya fara samun waya ya ce min, "Kwamfutar nan, ka bar ta yadda take. Kar ka taɓa komai, ka ji?" Na ce na ji.

Ba a jima ba aka shafa wa gidajenmu jan fenti, motocin rusau suka hau dutsen. Muka koma ɗaki ɗaya a unguwar Ka'akiyya, ni da mahaifiyata. Ko hoton lungunmu ba mu da shi. Wa ke ɗaukar hoton hanyar da yake bi kullum?

A lokacin ina gyaran waya a unguwar Kudai, kuma ni kaɗai na naɗa wa kaina sarautar injiniya. Ɗakin ya yi mana kaɗan, sai na kwafe wasan a filashi na zuba a sabuwar kwamfutata ta hannu, tsohuwar na miƙa wa masu gwangwan. Mahaifiyata ta ce, "Ba yayanka ya ce a bar ta ba?" Na ce, "Umma, sana'ata ce fa."

Kwana biyu wasan ya ƙi buɗewa. Ranar Juma'a bayan la'asar ya buɗe, launinsa ya koma kore da shunayya, rubutun kuma duk alamar tambaya, saboda kwamfutata a Larabci take, shi kuwa bai san Larabci ba. Amma unguwar tana nan. Na ƙwala wa Umma kira, ta taso daga wanke-wanke hannunta da kumfa.

Abin da injiniya bai sani ba shi ne, wasan da gudun kwamfuta yake ƙirga lokaci, tawa kuwa ta fi tsohuwar gudu nesa ba kusa ba. Shekarun cikin wasan suka fara tsere. Gidaje suka tsufa a gabanmu, suka tsage, gobara ta tashi ta gefen masallaci. Umma tana cewa, "Tsayar da shi! Kai, tsayar da shi mana!" Na danna fita, akwatuna biyu suka fito, ba wanda nake iya karantawa. Na zaɓi ɗaya. Na ajiya ne.

Na sake buɗewa, fili ne da ɓaraguzai. Filashin kuwa tun jiyansa na goge shi na zuba wa wani kwastoma karatu. Umma ta koma kan kwanukanta. Wallahi da zagina ta yi da ya fi min sauƙi.

Wata uku ina ɓoye wa yayana. Ran nan ya kira ya ce in ɗauko masa hoton allon in turo. Na gaya masa gaskiya. Ina jin hon ɗin motoci ta bayansa.

"Halas, ba komai," ya ce. "Dama ɗazu ne ina zaune a adaidaita ina jiran fasinja, na ce bari in taka gida a zuciyata tun daga bakin titi. Na kai rabi sai hanyar ta ɓace min. Bayan tankin ruwa, dama ake yi ko hagu?"

Na buɗe baki zan ba shi amsa, sai na ga ni ma ban sani ba.

Ya daɗe da yafe min, muna waya muna dariya kamar da. Ni dai tun ranar, idan mai kaya ya ce kar a taɓa, ba na taɓawa, ko da ina ganin na fi shi sani. Amma tambayar nan har yau tana cina. Umma ta ce dama ne, wata tsohuwar maƙwabciyarmu ta rantse hagu ne. Na je da ƙafata in duba, na tarar har dutsen an sassare shi.