Yadin Baba Gilashi

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana wanke kwalaben ɗakin gwaje-gwaje na makarantar, shi ya sa ɗalibai suka sa masa Baba Gilashi, har matarsa ma da sunan take kiransa in tana son tsokana. Bai wuce aji uku a sakandare ba. Aikinsa shara, jera kayan aiki, da kulle ƙofa. Sai dai mutum ne mai kunne, kuma wanda ya yi shekara talatin tsaye a bayan aji yana sauraro, ko icce ne sai ya tsinci wani abu.

Abin da ya fi so a ɗakin shi ne wani baƙin yadi mai talewa, ɗaure a kan ƙaton zoben ƙarfe. Malamin kimiyya na farko, wanda ake kira Dogo, shi ya haɗa shi kafin ya rasu. Za a ɗora dunƙulen ƙarfe a tsakiya, yadin ya lotsa. Sai a gangaro 'ya'yan boris, ƙananan ƙwallayen ƙarfen nan, daga gefe, su yi ta kewaya dunƙulen. Haka Dogo ya koya masa baƙin rami: tauraro ne babba da makamashinsa ya ƙare, ya rufta cikin kansa, nauyi mai yawa ya dunƙule a ɗan wuri. Yana da iyaka, duk abin da ya tsallake ta ba ya dawowa, ko da haske ne. Wanda yake nesa kuwa kewayawa kawai yake yi, kamar yadda duniya take kewaya rana.

Malamai sun zo sun tafi. In sabon malami ya kai wannan darasi, sai ya yi tari ya ce, "Baba, nuna musu abin nan naka." Shi kuma ya nuna.

A shekararsa ta ƙarshe makarantar ta koma hannun sabon mai ita, wani mai turare da yawa da mukullai a yatsa. Ya yi wa Baba alkawarin ƙarin shekara biyu bayan ritaya. Baba yana so, don bai san abin da zai yi da safiyarsa ba in babu ƙofar da zai buɗe.

Ana saura kwana uku ranar da iyaye za su zo ganin makaranta, mai makarantar ya leƙo, ya kalli 'ya'yan boris suna zagaye, ya yatsine fuska.

"Baba, wannan ai wasan yara ne. Ina haɗiyar? Iyaye so suke su ga abu yana zuƙewa."

"Yallaɓai, ai ba zuƙa yake yi ba."

"To me yake yi, gaisuwa?" Malaman da ke bayansa suka yi dariya, har da malamin kimiyya, wanda ya san gaskiya sarai.

Washegari Baba ya tarar an ɓula yadin da almakashi, daidai inda dunƙulen ya yi shekaru yana zama. An zura tiyon injin shara ta ƙasa, an naɗe da salatif. An ɗora zoben a kan tebur, an rufe ƙafafun teburin da labule. Wanda ya yi aikin ya ci wani abu mai mai, ya goge yatsunsa a gefen yadin. Baba ya daɗe yana kallon shatin yatsun nan huɗu.

"Kai za ka shiga ƙarƙashi," in ji mai makarantar. "In ka ji na buga tebur, ka kunna."

A gida matarsa, wadda tela ce, ba ta ɗaga kai daga keken ɗinki ba. "Da furfurarka za ka yi rarrafe? To, in ka fito ka karkaɗe gwiwa, ni ba zan wanke ba."

"Shekara biyu ce fa."

"Na ji. Ni dai na faɗa maka batun wandon."

Ranar da iyayen suka zo, ya shiga. A ƙarƙashin teburin akwai cingam da aka manna tun shekaru, da ƙashin ɓera, da tsamin jakar injin da ba a taɓa zazzagewa ba. Ta ƙasan labule yana ganin takalma. Wata ɗaliba ta karanto haddar da aka ba ta, cewa baƙin rami dodon sama ne mai zuƙe duk abin da ke sararin samaniya. Aka buga tebur. Ya kunna. Yagaggun takardun da aka watsa a kan yadin suka bi tiyo suna kakari, aka yi ta tafi.

Sai ya ji muryar wata dattijuwa. "Ɗana, to mu fa? Zai zo ya haɗiye mu?"

"Ai shi ya sa ake neman ilimi, Mama," in ji mai makarantar. "Kowane lokaci yana iya jawo mu."

Baba ya kashe injin. Ya ɗaga labulen ya fito da baya, gwiwoyinsa fari fat da ƙura, ga yanar gizo a hula.

"Iya, ki kwantar da hankalinki," ya ce. "Ko rana ce ta zama baƙin rami yau, in nauyinta bai ƙaru ba, duniya za ta ci gaba da kewaya ta. Sanyi da duhu za mu sha, ba haɗiya ba. Wannan kuwa injin shara ne, ni nake kunna shi."

Ya ɗauko dunƙulen don ya nuna mata yadda abin yake. Ya fizge tiyon, ya ɗora ƙarfen a tsakiya kamar yadda hannunsa ya saba. Ƙarfen ya bi ta ɓular, ya daki tebur, ya gangara ya fasa tayil. Wasu suka yi dariya. Dattijuwar ba ta yi ba, tana ƙoƙarin tambayarsa wani abu, amma aka sanar cewa an kawo lemo a babban zaure, jama'a suka kwashe ta suka yi can.

Ba a sake ta da maganar shekara biyu ba. A ƙarshen zango ya miƙa mukulli, malamin kimiyya ya karɓa yana kallon ƙasa. Babu wanda ya hana shi ɗaukar dunƙulen da zoben, don an riga an jefar da su bayan ɗaki tare da karyayyun kujeru.

Matarsa ta juya yadin gaba da baya, ta shinshina gefen da aka goge mai, ta riƙe shi nesa da jikinta da yatsa biyu.

"Ba ya ɗinkuwa. In na yi faci, wurin ba zai tale ba."

"Na sani."

"Akwai irinsa a kasuwa, yadi biyu zai isa." Ta jefa tsohon a kwandon shara. "Ka ɗauke min ƙarfen nan daga bakin ƙofa kafin ya karya min yatsa."