Abin da ƙwaryar ruwan sanyi ta wanke

Ko an ɗauke mini hankali, ba na jin zan manta da daminar da ƙafata ta kusa raba ni da ƙanen mahaifina. Lokacin mulkin soja ne, ina da aure shekara biyu, a wani ƙauye gefen Garhanga, kuma zuciya gare ni kamar garwashi.

Da bazara muka yi cacar baki da Baffa kan iyakar gona, taku uku kacal. Shuka na fitowa sai idon sawuna na dama ya kumbura, yana zafi kamar an ɗora wuta. Wanzami ya yi ƙaho, maɗori ya murza ya ce ba targaɗe ba ne. Wani boka kuwa, ko taɓa ƙafar bai yi ba, ya ce na taka abin da aka binne a bakin gona. Wa zai binne in ba Baffa ba? Na hana matata gaishe shi, na aika wa maigari cewa ranar Juma'a sai Baffa ya dafa Alƙur'ani. A garinmu wanda aka sa rantsuwa irin wannan, ko ya fita, sunansa ya ɓaci har jikoki.

Ranar Alhamis da hantsi sai ga sallamar Baffa. Na juya fuska bango. Dattijon nan, wanda ya taɓa aikin share ɗakin likita a Madawa, ya tsuguna ya ɗora ƙafata bisa cinyarsa.

"Ɗana, ƙaya ka taka?" Ya ci gaba da tambaya.

"Ka gurɗe? Cikin ƙashi kaka jin shi da sanyin sahe, ko bisa hwata?"

Na ce, a daƙile, "Bisa hwata. Ƙuna yakai."

Ya latsa diddige, ya lanƙwasa yatsu, ya shafa bayan gwiwa, duk ban motsa ba. Da ya zo kan wani ɗan ƙurji mai ruwa sai na zabura. Ya ce, "Bara war haka, ina kash sha ruwa?" Na tuna watan da na yi ina noman ƙwadago a kudu, muna shan tabki tare da shanu.

Ya sa matata ta kawo ruwan randa a ƙwarya, ya dinga tsiyayawa a kan ƙurjin. Can sai ya fashe, wani farin ruwa ya fito kamar nono, bayansa kan wani abu siriri kamar zare. Kurkunu ne. Ya naɗe wandonsa ya nuna mini tabo uku a ƙwaurinsa.

"Ga naka, ga nau," in ji shi. "Ni wa yab binne min?"

Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige. Na kama kuka, ƙato da ni.

Sati biyar yana zuwa kullum da safe, yana naɗe tsutsar a tsinke kaɗan-kaɗan don kada ta tsinke, sannan ya ɗauki hauya ya wuce gonata. Maganar rantsuwa bai taɓa tayar da ita ba har ya koma ga Allah. Taku ukun nan kuwa har yau ba na shuka su, wata bagaruwa ce ta fito a wurin.

Tun ranar na koyi cewa in ciwo ya kama ka, fara tambayar inda yake da yadda yake, kafin ka tambayi wa ya yi maka. Wanda ya faɗa mini sunan maƙiyina bai taɓa ƙafata ba, wanda na kira maƙiyin shi ya ɗora ta a cinya.