Kaburburan da Ɗan'inna Ya Tona da Wuri

A ƙauyenmu da ke bayan Miga, Ɗan'inna ne mai tona kabari tun ina yarinya. Mutum ne busasshe, mai ƙarancin magana da taurin kai. Duk wanda ya gaishe shi sai ya kalle shi daga sama har ƙasa, shi ya sa mutane ba sa son haɗa ido da shi.

Da rani samarinmu kan tafi kamun kifi a Tafkin Chadi, har da ɗansa Sagiru. Wata Laraba rediyo ta ce an gwabza tsakanin sojoji da 'yan bindiga a tsibiran bakin iyaka, an yi wa kwale-kwalen masunta ruwan wuta. Wayar kowa a kashe. A majalisa aka yi ta kintace, wannan ya ce mutum biyu, wancan ya ce in sha Allahu babu namu.

Ɗan'inna ya miƙe. Ya saɓi diga ya nufi maƙabarta, ya shiga sarar ƙasar nan mai tauri. A wajenmu ba a tona kabari sai an kawo karan da aka auna gawa da shi, amma shi ya san tsawon kowane yaro. Kafin la'asar ɗin Alhamis ya tona bakwai.

Nan iyaye suka tarar da shi. Baffa Lado, wanda 'ya'yansa biyu ke tafkin, ya fizge digar, ya ce mugun fata yake musu. Ya maka masa ƙotar a hannu, muna jin ƙarar ƙashin daga bakin shinge. Suka tattake shi, jini na zuba ta hanci, suka tilasta masa tura ƙasa da ƙafa har ramukan suka cike. Har yau ina jin haushin mazan garin nan.

Ranar Asabar mota ta iso da gawa tara, sun kumbura, wasu an haɗo su a buhu. Rana na dukan tsakar ka, ƙasa ta ƙi saruwa, iyaye suna haƙa suna kuka.

Baffa Lado ya durƙusa gaban Ɗan'inna ya roƙe shi ya nuna musu inda ƙasa ta yi laushi.

Ɗan'inna ya nuna da hannunsa mai lafiya. "Ku buɗe waɗanda kuka rufe. Na farkon ku bar min, na Sagiru ne."