Takardar Kawu Mani

Har yau in na ga littafin girki mai hoton wani ƙato da doguwar farar hula, sai raina ya ɓaci. Kawu Mani nake tunawa.

Ƙanen mahaifiyata ne, ɗan gidan mahauta a Ƙofar Kware, cikin Sakkwato. Shekara goma sha bakwai yana kuku a gidajen Turawa. Bai iya karatu ba, amma da ya latsa nama da yatsa zai gaya maka shekarun saniyar. Abin da yake wa tanadi ɗaya ne: takardar shaida, domin Turawa sun fara haɗa kaya, kuma kuku marar takarda ba mai ɗaukarsa.

Uwargidan da ya yi wa aiki a ƙarshe, wata Baturiya, ta zo da wani littafi daga Ingila, wai na kukun da babu kamarsa. A satin bikin 'yancin kai ta gayyaci baƙi goma sha biyu, ta buɗe littafin, ta ce a gasa cinya awa ɗaya da rabi.

"Uwargida," in ji Kawu, "saniyag ga da ƙahwa taz zo daga Azbin. Bari in naɗe naman cikin ganyen gwanda shi kwana, in ba haka ba ba shi taunuwa."

Ta ɗora yatsa a kan hoton kukun da ke jikin littafin. Shi ya fi wannan sani ne?

Mutumin da bai taɓa ganin saniyar Sakkwato ba! Shanunsa ko ƙofar gari ba su taɓa takawa ba. Amma Kawu ya bi littafi daki-daki, tana tsaye kansa da agogo. Nama ya fito kamar takalmin fata. Baƙi suka yi ta fama da wuƙa.

Washegari ta sallame shi, da takarda a ambulan. Shekara uku yana yawo da ita gida-gida, a naɗe cikin tsumma mai tsabta, yana miƙawa da hannu biyu. Kowa ya karanta sai ya ce a dawo wani lokaci.

Da na dawo daga kwalejin horon malamai ya ba ni takardar. Layi ɗaya ne: wannan kuku ba ya bin umarni.

Na karanta masa. Ya daɗe yana kallon takardar.

"Ladan, duba da kyau. Ba ta rubuta cewa na hwaɗa mata ba?"

Na juya bayan takardar. Babu komai.