Allon Malam a Gidan Ƙasa

Har gobe ban manta da ranar da aka tura mu unguwar Highbridge ba, bayan ruwan sama ya cika bututu ya maido ruwan masai cikin wani gidan ƙasa, irin ɗakunan da ke ƙarƙashin bene. Lokacin ni ne shugaban ayarin masu shara a kamfaninmu.

Ƙa'idar aikin ita ce a raba kaya gida biyu. Ogarmu tana da wata kalma da ko Turawan ba su cika sani ba, "imporous", wato abu mai tauri wanda ruwa ba ya samun hanyar ratsa shi, kamar gilas da ƙarfe. Irin wannan a wanke da bilic a mayar wa mai shi. Katifa, kafet da katako marar fenti kuwa sun sha ƙazanta, sai bola.

Mai gidan, Mma Hawa, dattijuwa ce 'yar zangon Kumasi. Cikin kayan da muka ware na zubarwa har da allon marigayi mijinta. Ba ta yi musu ba.

Da muka koma ƙarasa aiki, na tarar da allon a jingine a kicin, danshi bai sake shi ba. Ashe ta tsamo shi daga tulin, ta shanya, ta kai an yi mata rubutu a kai ta wanke. 'Yarta mai tsohon ciki tana zaune, kofi a hannu.

Ban san lokacin da na daka tsawa ba: "Kar ki sha!"

"Ɗana, lafiya?" in ji Mma. "Na goge shi sarai. Da allon nan Malam yake min rubutu duk cikin da na yi."

Na ɗiga ruwa a kan tire, ya tsaya. Na ɗiga a bayan allon, muna kallo ya shige.

"Mma, haka ya sha na masai."

Ta daɗe tana kallon wurin, sannan ta karɓe kofin daga hannun 'yarta. Da yake ayoyi ne, ba a zuba a bututu ba, gindin bishiya muka kai. Da muka dawo, ta ɗauki allon ta ba ni in tafi da shi.

Don haka ku sababbin ma'aikata, kada ku tsaya ga tambayar ko abu yana shan ruwa. Ku tambayi me mai shi yake yi da shi. Mu kallon katako muka yi wa allon, ita kuwa abin da ya rage mata na mijinta ke nan, kuma da hannunta ta miƙo min shi.