Masar ko Jodan, da Cikin da Na Ɓoye

Assalamu alaikum. Wata bakwai ke nan rabona da shafin nan. Masu cewa na haye jirgi na manta da talakawa, ku yafe mini, ni ma na yafe muku.

Abu na ƙarshe da na rubuta tambaya ce: hutun bazara, Masar ko Jodan? Na ce ina son wuri mai ɗan ɗumi, mai tsofaffin kufai. Wata ta ce in zafi nake nema in tsaya a Kazaure, kyauta ne. Kowa ya ba ni shawara, amma ba wanda ya san ina da cikin wata shida, don ban faɗa ba.

Tarihi nake koyarwa. Shekara tara ina zana dalar Masar a allo ban taɓa ganinta ba. Maigidana a Fatakwal yake aiki, sai bayan wata biyu yake leƙo mu. Shi ya ce in zaɓi wuri mu je kafin in yi nauyi. Ni kaɗai a gida, in na taso daga makaranta ba mai ce mini sannu, sai in jingina da bango in yi ta kallon hotunan ginshiƙan dutse a waya har a kira magariba.

Cikin fari ne. A gidanmu, can wajen Roni, ba a maganar cikin fari, kunya ce. Ni kaina 'yar fari ce, kuma tunda na yi wayo Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, sai dai "ke" ko "waccan". Haka na tashi, haka na ɗauka.

Ƙafafuna suka fara kumbura, na ce tsayuwar aji ce. Zobe ya ƙi fita daga yatsa. Ciwon kai ya zo ya zauna, na ce rana ce. Awo sau ɗaya na je, na haɗu da matan unguwarmu biyu a layi, ban koma ba. Gaskiya kuma ina tsoron a ce kada in hau jirgi. Na tambayi waya ko mai ciki za ta iya hawa raƙumi a gindin dala, amma ban tambayi mutum ko ɗaya dalilin kumburin fuskata ba. Maigida in ya kira, lafiya lau nake ce masa.

Ranar wata Talata ina cikin darasi na fara ganin walƙiya a idona. Abin da na sani ke nan.

Na farka a asibiti a Kano, harshena a tattaune, da robar fitsari a jikina. Jijjiga ce, wadda hawan jinin masu ciki ke kawowa. An ce sau biyu ta kama ni kafin a iso da ni daga Kazaure. Allurar da ake yi mini a ɗuwawu kamar an zuba barkono. Bayan awa huɗu-huɗu a ɗaura mini abin awon jini, a ɗebi fitsari, a rubuta, a wuce.

Likitar ta ce, "Malama, wannan ciwon ya daɗe yana sallama, ba a amsa masa ba." Ta ce sai an ciro abin da ke cikin, in ba haka ba za a rasa mu duka.

Aka yi mini aiki. Mace ce, bakwaini, ba ta fi tafin hannun babanta biyu ba. Aka sa ta a kwalba. Kuɗin tafiya a nan suka tafi, ban kuma yi kukansu ba.

Babanta ya yi kwana goma, aiki ya kira shi. Kowace mace a ɗakin da jaririnta a gefe, ni sai kofin da nake tatsar nono a kai mata. Ban taɓa jin kaɗaici irin wannan ba. Kullum ina jan ƙafa zuwa ɗakin jarirai ina tsoron in tarar da kwalbar ba kowa.

Inna ta zo ta zauna mako biyar. Tana dama mini kunu, tana gasa mini jiki, amma ba ta kallon idona, ba ta tambayar jaririya a gabana. Na ji haushinta ƙwarai. Ashe in na yi barcin rana wajen kwalbar take tafiya ta tsaya, wata nas ce ta gaya mini.

Ranar da aka sallame mu, tana ɗaure kaya ta ba ni baya, ta ce, "Da kin faɗa mini."

Na ce, "Inna, da wane bakin?"

Ta ƙarasa ɗaure kayan. Sannan ta ce, "Hadiza, Allah Ya raya miki."

Shekarata talatin da ɗaya, ranar na fara jin sunana a bakinta.

Yanzu jinina ya sauka, an rage mini magani, na koma aji. Na gode wa Allah, na gode wa likitoci da nas-nas, da malaman da suka ɗauke ni daga ƙasa.

'Yan uwana mata, ku je awo ko da duk unguwa na kan layin. Kumburin fuska da hannu, ciwon kai mai naci, ganin walƙiya, kada ku kwana da su. Mai shirin tafiya da ciki ta fara tambayar likita kafin ta tambaye mu a nan. Dalar ta yi dubban shekaru a tsaye, za ta jira.

An ce ba a faɗin sunan ɗan fari. Sunanta Maryam. 'Yata ce, ta fari, ga ta nan a cinyata tana barci.